Taku Huɗu da Rabi

A unguwarmu ta bayan kasuwar kifi a Kanazawa ta ƙasar Japan, in ka ji an ce "bari mu tambayi Tomezo", to ba amsa ake nema ba, dariya ake nema. Kumagai Tomezo mai aski ne. Shekara talatin yana riƙe da aska a shago ɗaya, kuma a duk shekarun nan ba a taɓa ambaton wani abu a gabansa ya ce bai san shi ba. Ka ce jirgin ruwa, ya taɓa tuƙawa. Ka ce ciwon baya, shi ya nuna wa likita inda ake dannawa. Ba kuma mai yi masa musu, don mutumin da aska ke kan maƙogwaronsa bai cika son gardama ba.

Wata Talata da hantsi wani gajeren tsoho ya shigo, rana ta gasa shi, hannuwansa duk kanta. Ya ce a gyara masa fuska. Tomezo ya kwantar da shi, ya lulluɓe masa fuska da tawul mai zafi, ya dubi hannuwan nan.

"Noma kake yi, baba?"

"Lambu nake ɗan taɓawa," in ji tsohon daga ƙarƙashin tawul.

"Lambu! Ai ka faɗo gidansa. Ka ga bayan shagon nan? Lambun da ke wurin, in ka shiga da hantsi sai rana ta take tsaka kafin ka kai ƙarshe. Akwai tafki, akwai jar gada, can ƙurya kuma ga tsauni. Bara wani baƙo ya shiga ya ɓata, sai da muka kira 'yan kwana-kwana."

"Ikon gaske," in ji tsohon.

"Kai dai bari. Masu lambun garin nan duk 'yan share ganye ne. Har shi wannan Hatanaka da ake ta zuzutawa, da zai zo ya zauna da ni kwana uku da ya ƙaru."

Aka gama aski. Tsohon ya tashi, ya kakkaɓe rigarsa, ya sunkuya cikin ladabi.

"Sunana Hatanaka," ya ce. "Ni ne uban Shimpei. Lahadi ta sama za mu zo neman auren 'yarka. Zan so in ga lambun nan. Zan taho da takalman tafiya."

Ya fita. Tomezo ya tsaya da tawul a hannu, bakinsa a buɗe, kuma a karo na farko a tarihin unguwa babu abin da ya fito daga ciki.

Shi dai Hatanaka shi ne mai kula da lambunan haikali da na manyan gidajen garin, kuma abu biyu aka san shi da su: iya aiki da ƙin ƙarya. Ya taɓa korar yaron aikinsa da ya shekara bakwai a hannunsa don ya ce ya shayar da wata bishiya alhali bai shayar ba. Ɗansa Shimpei kuwa shekara biyu ke nan yana bin Nodoka, 'yar Tomezo tilo, wadda ke aiki a shagon tabarau kusa da tasha. Kowa ya san yaron ba zai yi aure ba sai da yardar ubansa.

Lambun Tomezo kuma, daga baranda zuwa katanga taku huɗu ne. Abin da ke cikinsa kunya uku ce ta daikon, wani dogon farin abu mai kama da karas, da matar gidan, Fusae, ta shuka, sai igiyar shanya, sai gangar da take jiƙa daikon ɗin a gishiri.

"'Yan kwana-kwana," in ji Fusae da ta ji labari a wurin cin abinci. Ta ajiye tsinken cin shinkafarta a hankali. "Wanda ya ɓata a tsakar gidan nan ai ko a cikin aljihunsa zai ɓata."

"Baba, ka je ka same shi gobe," in ji Nodoka, idonta ya kawo ruwa. "Ka ce masa wasa kake yi. In ya zo ya tarar da ƙarya ce, shi ke nan, ya fasa. Ka san halinsa."

"Ƙarya? Wa ya yi ƙarya? Ku matsalarku ba ku san ido ba." Tomezo ya gyara zama, don dabara ta riga ta faɗo masa tun yana wanke tawul. "Na taɓa yi wa wani mutum aski, mai haɗa ƙananan garuruwa na kwali a gidan fim, irin waɗanda dodo ke tattakewa. Shi ya tona mini asirin duka. Ido wawa ne. Duk abin da ya gani ƙarami sai ya ce nesa yake. Hanya in ta tsuke sai ya ce ta yi nisa. Abu in ya dushe ya yi shuɗi-shuɗi sai ya ce ai wannan sai an kwana a hanya. Ka sa babba a gaba, ƙarami a baya, ido ya rantse maka cewa taku huɗu tafiyar wuni ce."

"Sau nawa ka yi wa mutumin aski?" in ji Fusae.

"Sau ɗaya. Amma gashinsa na da yawa."

Washegari ya tashi da hazbiya a idon hagu, jajir, ta kumbura. Likita ya shafa magani ya ɗaure idon da farin ƙyalle, ya ce kada a cire sai bayan kwana goma. Fusae ta dube shi ta ce, "Ko idon naka ya ji kunya ya ɓuya."

Da ido ɗaya ya fara aiki. Ya ɗauko matashin zamansa ya ajiye inda ya saba zama a ɗakin baƙi, wato dab da bakin ƙofa, inda yake jin ƙararrawar shago in wani ya shigo. Daga nan yake hangen tsakar gida, daga nan yake ba kansa umarni. Ya tumɓuke kunya biyu ta daikon, Fusae na tsaye tana ƙirga su da ƙarfi ɗaya bayan ɗaya. Ya shimfiɗa hanyar tsakuwa wadda a bakin baranda ta kai faɗin tabarma, a ƙarshenta kuwa ba ta fi faɗin mataji ba. Ya jera manyan duwatsu a gaba, matsakaita a tsakiya, 'yan mitsi-mitsi a baya. Ya haɗa gada da tsinkayen cin shinkafa, ya shafe ta da jan fenti. Tsohuwar ƙofar banɗaki da ke jingine shekara shida ya yanke ta ya zana mata tsauni mai ruwan toka da shuɗi, ya tokare ta da gora a taku na uku. Ragowar daikon da ganga da igiyar shanya duk ya cusa su a bayan tsaunin.

Saura tafki. Ya shiga shago ya kwance babban madubin bango, ya kwantar da shi a ƙasa, ya rufe gefunansa da gansakuka.

Saura bishiyoyi. Waɗannan sai a wurin maƙwabcinsa na jikin katanga, tsoho Segawa, wanda ya yi ritaya daga gidan waya, ba shi da aiki sai renon 'yan bishiyoyin tukwane da sa ido.

"Tome-san, na ji an ce ka sayi tsauni," in ji Segawa ta kan katanga, ya gutsure sunan Tomezo ya liƙa masa "san" ɗin girmamawa. "A kafaɗa ka ɗauko shi ko a keke?"

"Ba ni aron 'yan bishiyoyinka guda biyar, ka ga aikin manya."

"Wannan ta tsakiya ta girme ka da shekara goma, kuma ba ta taɓa yin ƙarya ba. Kada ka lalata mata tarbiyya."

"Miƙo dai."

"Tsaunin nan naka kuwa, ba marikin ƙofa nake gani a gindinsa ba?"

"Kogo ne!"

A shago kuma al'amura suka ɗan rikice. Mai ido ɗaya bai cika sanin inda kai ya ƙare iska ta fara ba. Tomezo ya yi ta datsa almakashi a iska taƙi guda daga kan mutane yana cewa gashin zamani ba ya jin ƙarfe. Ya gutsure kunnen mai sayar da tofu, wato awara. Ya aske wa Segawa rabin gashin baki. Sa'arsa ɗaya, babu madubi a bango, sai mutum ya isa gida matarsa ta yi ihu sannan ya san abin da ya same shi. Kafin mako ya zagayo, mazan unguwa sun koma sa hula har cikin gidan wanka.

Amma lambun, a gaskiya, ya yi. In Tomezo ya zauna a matashinsa na bakin ƙofa ya hanga, sai ya ga hanya ta miƙe ta yi nisa, ga jar gada can a kan ruwa mai ƙyalli, ga manyan itatuwa sun ƙanƙance don nisa, ga tsauni a ƙarshen duniya. Har ƙwalla ya yi da idonsa mai lafiya.

Ranar Asabar likita ya kwance ƙyallen. Tomezo ya dawo gida yana fito, ya zauna a matashinsa, ya buɗe ido biyu, ya zabura.

"Wa ya taɓa mini lambu?"

Babu tafki, babu tsauni. Madubi ne a kwance a ƙasa, da tsinkayen cin abinci, da ƙofar banɗaki, duk a nan kusa inda in ya yi atishawa za su ji.

"Ba wanda ya taɓa," in ji Nodoka. Ta durƙusa kusa da shi. "Baba, ɗaga yatsanka a gaban hancinka. Rufe idon dama. Yanzu buɗe shi ka rufe na hagu. Ka ga yatsan ya yi tsalle?"

"Ya ɗan motsa."

"To kowane ido daga gefensa yake kallo, sai su haɗa abin da suka gani su gane nisan abu. Na kusa yana tsalle da yawa, na nesa ba ya ko motsi. Ido ɗaya za ka iya yi masa wayo, amma biyu, ɗaya zai ƙaryata ɗaya. Ko mai ido ɗayan ma, da ya karkata kai asiri ya tonu. Kullum wannan muke yi wa mutane bayani a shago. Baba, don girman kakanninmu, gobe ka gaya masa gaskiya tun a bakin ƙofa."

Tomezo ya ƙura wa yatsansa ido. Nodoka ta fara murna a ranta, ta ɗauka magana ta shiga.

"Wato," ya ce, "abin da ake bukata shi ne ya rufe ido ɗaya, kuma kada ya motsa kai."

"Baba!"

"Shekara talatin ina hana kawunan mutane motsi. Wannan ai sana'ata ce." Ya zaro ƙyallen daga aljihu ya mayar a idonsa mai lafiya lau. Tsauni ya koma ƙarshen duniya, hankalinsa ya kwanta.

Lahadi ta zo. Fusae ta goge tabarmi, ta rataye sabon rubutu a ɗan lungun ado na ƙuryar ɗaki, ta ajiye matashi mafi laushi a gabansa, don nan ne mazaunin babban baƙo, nesa da ƙofa. Hatanaka ya iso da ɗansa, su biyu cikin baƙaƙen kaya, Shimpei na rungume da kwalin alewar wake yana zufa. A hannun tsohon kuwa ga ƙunshi, takalman tafiya ne, ya ajiye su a baranda ba tare da ya ce komai ba.

Ya shigo ɗaki ya yi abin da kowane baƙo mai tarbiyya ke yi: ya durƙusa a wuri mafi ƙasƙanci, dab da bakin ƙofa, yana jiran maigida ya ce ya hau sama, shi ya ƙi, a sake roƙonsa, ya sake ƙi, a na uku ya tashi kamar an tilasta masa. Haka ake yi tun kaka da kakanni.

Tomezo ya ga inda tsohon ya durƙusa, daidai kan gurbin nan nasa, ko taƙi bai kauce ba. Farin ciki ya kama shi.

"Yawwa!" ya ce. "Zauna nan. Nan ne ya dace da kai."

Kwalin alewa ya kusa suɓuce wa Shimpei.

"Hatanaka-san, don Allah ka hau sama," in ji Fusae da sauri, goshinta a tabarma. "Maigidan nawa zazzaɓi yake yi."

"Lafiyata ƙalau. Kada ka tashi. Can sama iska na shigowa."

"Babu wata iska!"

"Akwai ƙuma a matashin."

"Jiya na ɗinka shi!"

Hatanaka ya yunƙura don ya raba gardama, Tomezo ya dafa kafaɗarsa ya mayar da shi ƙasa kamar yadda yake yi wa yaro mai tsoron almakashi. Ya waiga neman wurin zama, ya ga matashi ɗaya ne ya rage babu kowa, ya tafi ya hakimce a mazaunin babban baƙo, rubutu na bayansa. Fusae ta rufe fuska da hannun riga.

"Bari in zuba maka shayi da hannuna," in ji Tomezo. Ya taso da buta, ya auna ƙoƙon da idonsa guda, ya tsiyaya a tsanake. Shayin ya sauka taƙi guda kafin ƙoƙon, a kan gwiwar Hatanaka.

Tsohon bai motsa ba. Ya dubi gwiwarsa tana tururi. "Shayi mai kyau ne," ya ce. "Ana jin sa."

"Ai ba ka ga komai ba. Yanzu lambu. Amma lambun nan yana da ƙa'ida: ba a kallonsa da ido biyu."

"Saboda me?"

"Kyansa ya yi yawa. Yakan hau wa mutum kai."

Kafin wani ya tare shi, ya zaga bayan babban mai lambun Kanazawa, ya kama kansa da hannu biyu, ya ɗan karkata shi hagu, ya ɗaga haɓarsa da yatsa. "Haka. Kada ka motsa. Rufe na hagu. Nodoka, buɗe ƙofa!"

Nodoka ta ja ƙofar takarda. Haske ya shigo.

Hatanaka ya rufe ido ɗaya. Ya dubi hanya, ya dubi gada, ya dubi tsauni. Girarsa ta ɗan ɗaga.

"Hmm," ya ce.

Wannan "hmm" ɗin Tomezo ya ji shi har cikin ɓargonsa. Ya buɗe baki zai fara bayani, sai ga Goma.

Goma kyanwar Segawa ce, baƙa, ƙatuwa, ba ta da kunya. Ta diro daga katanga ta sauka a gindin tsauni, nan take ta zama dodo. Kanta ya kai rabin tsaunin. Ta taka daji, itatuwa suka tsaya mata a gwiwa. Ta leƙa tafki, ta ga wata baƙar kyanwa a ciki, ta kai mata mari. Daga nan ta juya ta zauna daram a kan jar gada, aka ji ƙaras.

"Damisa ce," in ji Tomezo. "Sukan sauko daga tsauni in kaka ta yi."

Bai rufe baki ba sai ga wani abu ya ɓullo ta bayan ƙololuwar tsaunin, zagayayye, mai sanƙo, ya fi tsaunin faɗi, da rabin gashin baki.

"Goma! Zo nan, 'yar banza!" in ji Segawa. Ya hango baƙi, ya sunkuyar da kai daga saman tsauni. "Barkanku da zuwa. Ku yi haƙuri, ku ci gaba, kamar ba na nan."

Wani sauti ya kuɓuce wa Shimpei ta hanci, ya mai da shi tari.

"Sauka mini daga tsauni!" Tomezo ya daka tsawa. "Ke kuma tashi mini daga gada!"

Ya saki kan Hatanaka ya yi tsalle daga baranda. To, mutumin da ya yi kwana goma sha ɗaya yana kallon wurin nan da ido ɗaya yana gaya wa kansa tafiyar wuni ce, ƙafafunsa sun riga sun yarda. Ya zabura da gudun mai niyyar tafiya mai nisa. Taku na farko ya watsa tsakuwa. Na biyu ya sauka a tsakiyar tafki, tafkin ya ce tas, ya rabu gida bakwai. Na uku ya kai wa tsauni karo da goshi.

Tsaunin ya yi tangaɗi, gorar da ta tokare shi ta zame, ya rusuno ya kife a kan mai shi. Igiyar shanya ta biyo baya da duk abin da ke kanta. Ganga ta tuntsure, daikon mai tsami ya yi ta mirginowa har bakin baranda.

Da ƙura ta lafa, sai ga abin da ke bayan tsauni a fili: kunya ɗaya ta daikon kore shar, da katanga, a kan katangar kuma kawunan unguwa a jere. Ga Segawa, ga mai tofu da auduga a kunne, ga matar mai gidan wanka, ga wasu maza shida da huluna. Tun safe suke nan a kan akwatunan lemo.

"A kira 'yan kwana-kwana!" in ji mai tofu. "Wani ya ɓata a lambu!"

Katanga ta ɗauki dariya har tana girgiza. Tomezo ya rarrafo daga ƙarƙashin ƙofar banɗaki, dogon wandonsa na ciki mai faci a gindi na rataye a wuyansa, goshi ya yi ƙulu. Ƙyallen idon ya faɗi. Ya ɗago da shirin cewa girgizar ƙasa ce, sai ya hangi cikin ɗaki da idonsa biyu.

Nodoka ce ya gani. Ta kifa goshi a tabarma, kafaɗunta na rawa, kuma ba dariya take yi ba. Tana nan kusa ƙwarai, taku uku. Kunya ta kama Tomezo irin wadda bai taɓa ji ba, da tsoro, don sai yanzu ya gane auren 'yarsa ne ya sa a caca.

Hatanaka ya matso bakin baranda. Ya kwance ƙunshinsa, ya sa takalman tafiya, ya ɗaure igiyoyinsu ɗaya bayan ɗaya ba gaggawa. Dariyar katanga ta mutu.

"Kumagai-san," ya ce. "Daga nan zuwa katanga, taku nawa ne?"

"To, wato, ya danganta da inda mutum ya..." Tomezo ya sake duban 'yarsa. "Huɗu ne."

"Tsaunin fa?"

"Ƙofar banɗaki ce."

"Tafkin?"

"Madubin shago."

"Baƙon da ya ɓata bara?"

"Bai ɓata ba." Ya sunkuyar da kai. "Bai ma zo ba. Yarinyar nan ta ce in gaya maka gaskiya tun ranar farko. Babu ruwanta. Bakina ne."

Matar mai gidan wanka ta dafe ƙirji. "Yau na ga abin da uwata ba ta gani ba," ta ce a hankali.

Hatanaka ya sauko. Ya taka ɗaya, biyu, ya tsallake fasasshen madubi, uku, huɗu, ya ƙara ɗan guntu ya taɓa katanga.

"Huɗu da rabi," ya ce. "Ka rage wa kanka rabi."

Ya tsuguna a gaban kunyar daikon, ya cusa yatsa a ƙasa, ya shinshina. "Wa ya shuka wannan?"

"Ni ce," in ji Fusae, murya can ƙasa.

"To ga lambu nan, kuka ɓoye shi a bayan ƙofar banɗaki." Ya miƙe ya kakkaɓe hannu. "Kumagai-san, ka ga dogon itacen haikalin can na bayanku? Shekara ashirin ina hawansa duk bazara ina rage masa rassa. Tsakar gidan nan na san ta kamar tafin hannuna. Wandon da ke wuyanka ma na san shi tun bai yi faci ba. Girman lambunka ba shi na zo gani ba. Abin da ban sani ba shi ne ko bakin nan zai iya cewa huɗu."

Ya cire takalma ya hau baranda. Fusae ba ta tsaya wani roƙo sau uku ba, ta ja hannun rigarsa har mazaunin babban baƙo, shi ma bai tsaya ƙi ba. Ya zauna, ya dafa tabarma da hannu biyu, ya sunkuya wajen mutumin da ke tsaye a tsakar gida cikin ruwan tsami.

"Mun zo roƙon 'yarku Nodoka ga ɗana Shimpei. Da sharaɗi ɗaya: in ka zo gidana, daga baranda za ka riƙa kallon lambu, hannuwanka a aljihu."

Nodoka ta ɗago, fuska jiƙe, ta fashe da dariya da kuka a haɗe. Katanga ta ɓarke da tafi har akwatin mai tofu ya karye da shi. Tomezo ya sunkuya zai amsa, wandon ya zamo ya rufe masa fuska, daga ciki aka ji ya ce ya ba su.

Litinin masu aski ba sa buɗewa. Talata da safe Segawa ya shigo a daidaita masa ragowar gashin baki. Ya tarar an manna guntun tafki mafi girma a bango, Tomezo na wasa aska a fata, goshi da filasta, yana fito.

"To, mai tsauni," in ji Segawa yana kwanciya a kujera. "Yanzu dai baki ya mutu ko?"

"Wane baki?" Tomezo ya shafa masa kumfa. "Ai kana wurin, da kunnenka ka ji. Ni na ce huɗu. Babban mai lambun Kanazawa ya sa takalmi, ya auna da ƙafarsa a gaban jama'a, ya ce lambuna ya fi yadda na faɗa girma. Matsalata ke nan tun ina yaro, Segawa-san. Komai nawa sai na rage shi."

Segawa ya buɗe baki. Ya ji sanyin aska ya sauka a maƙogwaronsa. Ya mayar da bakin ya rufe.